Na Raka Auta Nis, Inda Ya Sayi Wahala Da Kuɗinsa

Ranar da Auta ya kira ni cikin watan Mayun 2023, muryarsa har rawa take yi, na ɗauka ƙarin girma ya samu a wurin aiki. Ashe daga wani tsibiri yake kira, Lanzarote na ƙasar Sifen, wai ya samu gurbin shiga gasar Ironman ta duniya da za a yi a birnin Nis na Faransa ranar 10 ga Satumba. Na yi masa barka, sannan na tambaye shi nawa za a ba shi. Ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ni zan biya. Na ma riga na biya, nan take ake karɓa." Kuɗin shiga kaɗai ya haura dala dubu.

Ni aka bar wa aikin yi wa Hajiya bayani. Na ce mata wasa uku ne aka ɗinke wuri guda, tirayatulon ake ce masa. Da sassafe za su faɗa teku su yi iyo na kilomita 3.8. Suna fitowa, ko jiki ba su goge ba, su hau keke su yi kilomita 180, kamar mutum ya tashi daga Kano har ya gota Katsina. Suna sauka su ɗaura takalmi su yi gudun kilomita 42, wato Kano zuwa Wudil. Duk a yini ɗaya, agogo ba ya tsayawa, wanda kuma ya wuce awa 17 bai gama ba, kamar bai zo ba ne. Ta yi shiru can ta ce, "Wa ya aike shi?" Na ce babu kowa. Da na ƙara mata da cewa gudun ƙarshen shi ne wanda ake kira yada-ƙanin-wani, sai ta ce, "To ai kai ne wan. Sai ka je ka tsaya kada a yada maka shi." Maiɗakinsa tana da tsohon ciki a Liyon ta Faransa inda suke zaune, ba za ta iya tsayuwar yini guda ba. Haka tafiya ta faɗo kaina.

Biza ta ci mini zuwa Abuja sau biyu, da yuro 80, da inshorar lafiya, da takardun banki na wata da watanni. A Wapa kuwa na sha mamaki. Lokacin ba a daɗe da sakin naira ta nemi farashinta da kanta ba, yuro ɗaya yana dab da naira dubu. Na miƙa damin kuɗi, aka miƙo mini 'yan takardu da ko aljihun gaba ba su cika ba. Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ranar Laraba 6 ga wata, muka yada zango a Alƙahira, muka sauka Paris ranar Alhamis.

Ɗan sandan da ke duba fasfo ya tambayi tikitin komawa, ya tambayi masauki, ya tambayi abin da ya kawo ni. Da na ce Ironman, sai ya ɗago ya dubi tumbina, ya sake duban fuskata. Na yi maza na ce ƙanena ne zai yi, ni ɗan kallo ne. Ya yi murmushi ya buga hatimi. Paris a cike take da baƙi masu riguna kala-kala, don washegari za a buɗe gasar kofin duniya ta rugbi, wasan nan na ƙwallo mai siffar ƙwai. Na fito da kyar na kai tashar Gare de Lyon, na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Kusan awa shida ce zuwa Nis. Rabin farko gudu yake kamar zai tashi sama, na yi ta gyangyaɗi. Da ya kai kudu sai ya rage, ya bi gaɓar Bahar Rum, jajayen duwatsu a hagu, ruwa shuɗi shar a dama, ya tsaya Kan, ya tsaya Antib. A taragonmu akwai mutum huɗu da na gane 'yan gasar ne tun kafin a faɗa mini: ba tsoka ba kitse, ƙafafu a aske sumul, kowanne da gorar ruwa yana kurɓa kamar an ɗora masa magani.

Auta na jirana a tasha. Rabona da shi shekara biyu, sai da gabana ya faɗi. Ya rame, kumatu sun zurma, ya ƙara baƙi, sai dai tafiyarsa kamar ba ya taka ƙasa. Na ce, "Ba ka cin abinci ne?" Ya ce yana cin ninkin nawa. Da daddare na ga zahiri: taliya ya dafa cikin tukunya, ba miya sai ɗan man zaitun da gishiri, ya cinye abin da mu uku za mu ci a gida. Masaukinmu ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin a hawa na huɗu, kusa da tashar, ba lif, yuro 140 kowane dare. Na lissafa da naira sau ɗaya, ban sake ba don kada barci ya gagare ni. Gado ɗaya ne, na bar masa, na shimfiɗa katifa a ƙasa. Keken kuwa tare muka kwana, a jingine da bango kusa da kaina. Na ɗaga shi da yatsa biyu. Da na tambayi kuɗinsa, sai Auta ya ce, "Yaya, bar maganar, kuma kada Hajiya ta ji." Ya ce nasa ma na talakawa ne, zan ga waɗanda suka haura yuro dubu goma.

Wannan yaron fa shi ne wanda Baba ya taɓa zane shi da tsumagiya don ya bi yara kududdufi. Mu gidanmu ruwa abin tsoro ne, ni har yau ban iya iyo ba. Shi ma sai da ya kusa shekara talatin ya shiga ajin koyon iyo a Liyon tare da ƙananan yara.

Da safiyar Juma'a muka sauka bakin teku ya yi ɗan atisaye. Titin da ke bin gaɓar, Promenade des Anglais, ya kai kilomita bakwai, da itatuwan dabino marasa 'ya'ya da shuɗɗan kujeru a jere suna kallon ruwa. Na zaci yashi zan tarar, sai na ga duwatsu ne mulmulallu kamar na murza yaji, kowa na tafiya a kansu yana ɗingishi. Ina zaune kan ɗaya daga kujerun wani dattijo Bature mai zanen alamar gasar a sha-raɓarsa ya zauna kusa da ni, muka taɓa hira da Turanci. Shi ya ba ni tarihin abin. Gardama ce ta haife shi a Hawai: tsakanin masu iyo da masu keke da masu gudu, wa ya fi juriya? Wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa ukun a gani. A 1978 mutum 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Tun 1981 garin Kona na can Hawai ne gidan gasar ta duniya. A 2023 ne aka raba, maza a Nis, mata a Kona cikin Oktoba. Dattijon bai ji daɗin rabon ba ko kaɗan, ya ce shekara tara yana neman Kona, da ya samu gurbi sai aka ce masa Faransa.

Da na ba Auta labari ya ce ai wannan fushin ne ya yi masa rana. A lokacin, kowace gasa ana ware 'yan gurabe ga kowane rukunin shekaru. Washegari a tara mutane a kira suna daga na ɗaya. Wanda bai amsa ba, ko ya ce ba ya so, gurbin ya gangaro kan na bayansa. Mutane da yawa sun ƙi Nis suna jiran Kona, gurbi ya yi ta gangarowa har ya iso kansa. Bai ɓoye ba: "Ni ba gwani ba ne, Yaya. Rabo ne ya rantse."

Muna hanyar komawa, ƙarfe goma sha biyu daidai, sai na ji wata ƙara, daram! Ban san lokacin da na durƙusa bayan wata motar da aka ajiye ba. Na ɗago na ga kowa na harkarsa, wata tsohuwa ma agogonta ta duba. Auta har da riƙe ciki. Wai kullum da tsakar rana sai an harba wannan daga kan tudun da ke saman tsohon gari, al'ada ce tun ƙarni na 19, an ce wani Bature ne ya faro ta don matarsa ta riƙa dawowa cin abinci a kan lokaci. Na ce wanda ya zauna Kano a 2012 ba a yi masa irin wannan wasan. Su ma dai ba su tsira ba. A kan wannan titin na bakin teku ne wani ya tuƙa babbar mota cikin taron jama'a ranar 14 ga Yulin 2016, mutum 86 suka mutu. Shi ya sa ko'ina turakun ƙarfe ne, sojoji kuma na zagayawa huɗu-huɗu da bindigogi. Ba wanda ya tare ni ko ya ce in kawo na goro, amma jakata an buɗe ta ya fi sau goma a kwanakin nan. Mun yi Juma'a a wani ƙaramin masallaci kusa da tasha, a cike maƙil da Larabawan Magrib da 'yan Afirka ta Yamma, huɗuba rabi Larabci rabi Faransanci.

Asabar ta zo da baƙin labari. Mai gidan abincin halal da muke zuwa ɗan Maroko ne, muka same shi da waya a kunne, ido ja. Cikin dare girgizar ƙasa ta afka wa yankin Marrakesh, danginsa na ƙauyukan kan duwatsu, layi ba ya shiga. Muka yi masa jaje, muka ci abinci shiru. Daga baya aka ce mutanen da suka rasu sun kusa dubu uku. Sai ranar Litinin ya ji muryar mahaifiyarsa.

Da la'asar muka kai keke wurin ajiya. Kekuna wajen dubu biyu a rataye layi-layi, ba a barin kowa ya shiga sai mai abin hannu na gasar. An ba su jaka uku: shuɗiya ta kayan keke, ja ta kayan gudu, fara ta kayan sawa bayan an gama. Ni ina waje ina cin soka, wata faffaɗar waina ta garin wake da man zaitun da ake gasawa a tanda a barbaɗa mata barkono baƙi. Ɗanɗanonta tsakanin ƙosai da gurasa, sai dai ba yaji, na yi ta kewar ƙuli. A hanyar gida Auta ya tsaya ya dube ni. "Yaya, abu ɗaya zan roƙe ka. Gobe ko me ka gani, kada ka miƙo mini komai. Ko ruwa. Kada ka riƙe ni, kada ka bi ni da gudu. In alƙali ya gani za a iya cire ni." Na ce wace irin doka ce wannan, mutum ya ga ɗan'uwansa cikin ƙishi ya kama hannunsa? Ya ce akwai rumfunan ruwa na gasar, daga nan kaɗai aka yarda a karɓa. Na ce to, na ji. A raina kuwa na riga na cusa dabino da gorar ruwa a jaka.

Ƙarfe uku da rabi ya tashi ya ci burodi da zuma da ayaba. Muka yi Asuba, ya ɗaura wani ɗan abu a idon sawu mai nuna inda yake, ya sa mini manhajar bibiya a waya. Bakin teku ya cika tun da duhu, kiɗa na tashi, jirgi mai saukar ungulu na shawagi. Ruwan ya yi ɗumi, don zafi ake yi a Faransa a makon nan kamar ba Satumba ba. Ƙarfe 6:50 aka saki ƙwararru. Sauran kuma rukuni-rukuni, kowane da kalar hularsa. Na bi hular Auta da ido na 'yan daƙiƙoƙi, daga nan ta ɓace cikin ɗaruruwan hannaye masu dukan ruwa, kamar kifaye a ranar su. Cikina ya ɗuri ruwa. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta.

Ina cikin yi wa Hajiya bayani a waya sai na ji an ce daga bayana, "Bahaushe, daga ina?" Wani mai gadin shinge ne sanye da riga mai ɗaukar ido, mutumin Maraɗi, shekararsa shida a Nis. Muka gaisa kamar mun san juna tun fil azal. Hira ta tafi kan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar da rufe iyaka, ya ce ƙanensa da ke fataucin kaya ta Jibiya yana zaune hannu rabbana. Na ce masa nawa ƙanen yana cikin ruwan can. Ya buɗe baki. "Namu? Cikin wanga abu? Lahiya tai kuwa?" Shi ya nuna mini inda zan tsaya in ga masu fitowa, kuma duk yinin in na zo tsallaka titi shi ke ɗaga mini hannu.

Na gaba-gaba cikin ƙwararrun sun fito cikin minti 48 ko ƙasa da haka, suna gudu a kan shimfiɗar da aka rufe duwatsun da ita. Auta ya ɗauki awa ɗaya da minti 24. Masu taimako suka jawo hannunsa ya hau gangaren, yana layi kamar wanda ya sha wani abu, amma da ya hango ni ya ɗaga babban yatsa. Ya shige tanti, ya fito da hular kwano, ya hau keke ya nufi yamma.

Daga nan sai jira. Hanyar keken tana barin gari ta hau duwatsun da ke bayan Nis, ta bi ƙauyen Gourdon zuwa wata mashiga da ake kira Col de l'Ecre, sama da mita dubu daga matakin teku, ta zaga tudun sannan ta gangaro da kwane-kwane. In aka tara hawan duka ya kai mita 2,400, kusan tsayin Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. An hana fakewa a bayan wani don ya tare maka iska, dole a bar tazarar mita 12. Alƙalai na bi a kan babura, wanda aka kama, a dokar lokacin, ya tsaya minti biyar a tantin horo. Mu 'yan kallo muna gaban babban allo. Faransawa sun haukace, don ɗansu Sam Laidlow, mai shekara 24, ya tsere wa kowa a kan duwatsun. A 2022 shi ya zo na biyu a Kona. Ya gama keken cikin awa huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, ya shigo gari shi kaɗai, tayar bayansa mai kama da faifai tana wani gurnani.

Gudun a kan titin bakin teku ake yinsa, zuwa wajen filin jirgi a dawo, sau huɗu, ba tudu ba gangare, ba kuma inuwar kirki. A nan na ga abin da talabijin ba ya nunawa. Patrick Lange na Jamus, wanda ya ci gasar a 2017 da 2018, ya sauka daga keke da tazarar sama da minti goma. Ya wuce ta gabana kamar barewa, ƙafarsa ba ta ƙara, fuskarsa kamar mai tafiya masallaci. Ya yi ta cinye mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yi kilomita 42 ɗin cikin awa 2 da minti 32. Amma hanya ta ƙare masa. Laidlow ya shiga da awa 8 da minti 6 da daƙiƙa 22, Bafaranshe na farko da ya ci gasar, kuma mafi ƙarancin shekaru a maza. Lange ya biyo da ƙasa da minti huɗu, Magnus Ditlev na Denmak na uku. Na ɗaya ya tafi da dala 125,000. Ihun da ya fi ba ni mamaki kuwa na wanda ya zo na 24 ne, Jan Frodeno na Jamus, mai zinaren Olamfik na 2008 kuma zakaran duniya sau uku, yana da shekara 42, ranar ce gasarsa ta ƙarshe. Jamusawan da ke kusa da ni, ƙarti da gemu, suna ta share hawaye.

Duk wannan an yi an gama, Auta na kan keke tukuna. Sai kusan ƙarfe huɗu ya shigo. Na ga a waya ya shiga wurin canji, minti biyar, minti takwas, minti goma, ɗigon nan bai motsa ba. Na tafi wurin mutumin Maraɗi na ce a duba mini tantin likitoci. Kafin ya gama magana da na'urarsa sai ga Auta ya fito da gudu. Da daddare ya gaya mini abin da ya tsayar da shi: gefe ya samu ya haɗa Azahar da La'asar, raka'a bibbiyu na matafiyi, da rigar gasar a jikinsa da wani tawul da ya ɗaura. Ya ce sujadar ba ta ba shi wuya ba, tasowar ce ya ga kamar ba zai iya ba.

Zagaye na farko da na biyu ya yi su lafiya. A na uku na hango shi daga nesa yana tafiya, ba gudu ba, ya karkace gefe guda. Da ya matso na ga gishirin gumi ya yi fari fat a baƙar rigarsa, leɓɓansa sun bushe, cinyarsa ta dama tana harbawa da kanta. Ya tsaya daidai gabana ya dafa gwiwa ya yi amai, ruwa zalla. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, sai ƙaramin shinge. Wallahi ban san lokacin da na zaro gorar na ɗaga ƙafa zan tsallaka ba. Ya ɗago ido ya daka mini tsawa, "Yaya, kar ka taɓa ni!" Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ni na goya shi, ni na kai shi makarantar allo ranar farko. Na tsaya da gora a hannu kamar gunki. Wata tsohuwa Bafaransa da ke gefena ta riƙo hannun rigata ta mayar da ni baya, tana girgiza kai, sannan ta nuna bakinta, ta nuna shi. Ta karanta sunansa a jikin lambar da ke ƙugunsa, ta kira shi a karkace, ta haɗa da "Ale! Ale!", wato "ci gaba" da Faransanci. Na kusa da ita suka ɗauka.

Ni ba ni da ale. Abin da ya zo bakina shi ne irin abin da ake yi a gidan dambe. Na buɗe murya na ce, "Autan Hajiya! Na kududdufi ya zo teku! Tsumagiyar Baba ba ta hana ka ba, wa zai hana ka!" Turawa suka juyo suna kallona, ban damu ba. Ya yi wata dariya mai kama da kuka, ya miƙe, ya ja ƙafa zuwa rumfar ruwa da ke gaba. Na ga ya sha koka, ya cusa ƙanƙara a riga, ya haɗiyi ƙwayar gishiri, ya soma ɗan sassarfa. Dabinon nan ni na cinye shi a tsaye, don tun safe ban sa komai a cikina ba.

Rana ta faɗi yana zagaye na huɗu. Ƙarfe takwas da rabi ta gota ya shigo kan jar shimfiɗar ƙarshe, fitilu na walƙiya, mutane na dukan allunan shinge da tafin hannu. Mai sanarwa ya kira sunansa, ya ce masa shi Ironman ne. Awa 13 da minti goma sha. Mutum biyu suka tare shi, aka yafa masa tawul, aka rataya masa lambar. Da ya fito inda ake barin dangi ya faɗo jikina, yana warin gumi da teku, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, ka yi haƙuri da tsawar nan." Na ce rufe mini baki, karɓi ruwa. Wannan karon ya karɓa.

Ya ƙi tafiya gida. Bayan ya yi sallolinsa ya ci ɗan abinci, ya ce sai mun ga na ƙarshe. Na ɗauka wurin zai watse, ashe cika yake ƙara yi. Wajen sha biyun dare masu shigowa dattawa ne masu furfura, da masu jan ƙafa, da wanda ya faɗi daga keke kafaɗarsa duk filasta. Kowannensu ana yi masa ihun da bai gaza na Laidlow ba. Dattijon da muka yi hira ranar Juma'a ban gan shi ba, na duba ban kuma san lambarsa ba.

Hawa huɗun nan na masaukinmu sai da muka yi kusan minti goma. Da safe kuma da baya-da-baya ya sauko, yana riƙe da ƙarfe, na leƙa titi na ga ba shi kaɗai ba ne, garin ya cika da ƙarti masu tafiyar agwagwa da rigar gasar a jiki. Ya ce ruwan teku na rage tsamin jiki, ya ja ni. Na naɗe wando na shiga zuwa gwiwa, duwatsu na gudu a ƙarƙashin ƙafata, igiyar ruwa ɗaya ta zo ta zaunar da ni. Na sha gishiri na fito da rarrafe. Shi ke nan iyon da na yi a Bahar Rum.

Ranar Talata ya hau jirgin Liyon da kekensa, ni na kama hanyar Paris. Lambar ya ba ni ya ce in kai wa Hajiya. Ta karɓa ta auna nauyinta a tafin hannu, ta juya bayanta, ta tambayi na nawa ya zo. Na ce ya haura na dubu. Ta ce, "Na dubu ma ana ba shi abu?" Ta sa aka rataye ta a ƙusar da ke kusa da kalanda, sannan ta ce in kira mata shi, tana so ta ji dalilin da ya sa ya rame haka a hoto.